Baba Haladu da tsuntsun da ya ƙi kamawa

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Baba Haladu ya rasu.

Yau da safe ina buɗe shagona a Mokola, nan Badun, makulli na hannuna, sai ga kiran Iya Hajara, matarsa. Ban gama gaishe ta ba ta ce, "Nasiru, abokin yawon dajinka ya tafi." Na zauna a kan bencin mai gyaran waya da ke maƙwabtaka da ni.

Jinyar kwana huɗu ce kawai. Jana'iza bayan Azahar, a Sabo, unguwar Hausawa.

Tun ɗazu nake kuka. Amma wallahi in na tuna yadda tsohon nan ya yi da mu, sai in ji dariya tana neman ƙwace mini. Baba bai tafi ba sai da ya kayar da mu gaba ɗaya. Ku 'yan gurup ɗinmu na kallon tsuntsaye, rabin labarin kuka sani, yau zan ba ku sauran.

Duk wanda ya tashi a Sabo ya san Baba da kama tsuntsaye. Kanari, aku, kurciya, keji a kan keji a ƙofar shagonsa. Wata rana ya ɗora kwandon kanari a mota a tashar Ojoo za a kai Arewa, motar ta lalace, ta yini a rana. Da ya buɗe kwandon, ko ɗaya ba ta motsi. A ranar ya je gaban liman ya dafa Alƙur'ani, ya rantse ba zai ƙara kama abu mai fiffike ba. Ya koma auna gero da dawa.

Ni kuwa mai hoto ne, fasfo da biki. Kallon tsuntsu don gayu na shige shi, gaskiya ɗaya ce. Na ga likitoci da malaman jami'a da madubin hangen nesa a wuya, na ce ai ni ma ina da kyamara.

Baba ne ya fara kai ni daji. Ranar farko ya juyo ya dube ni ya ce, "Nasiru, wannan tafiya taka ko kurma ya ji ta. Ɗaga ƙafa a hankali mana, jare."

Bai taɓa fitowa ba sai da ƙullin dambun Iya a aljihu, kuma rabona ne babba. Ranar da ruwa ya kama mu a gonar koko, hularsa ya cire ya rufe mini kyamara, ya bar furfurarsa tana jiƙa.

To ga inda rigimar take.

Akwai wani tsuntsu, dangin marai ne, masu saƙa sheƙa. Baƙi ne, amma kansa da wuyansa har ƙirji ja ne wur. A littattafan masana sunan garin nan aka laƙaba masa, don ba a samunsa sai a wannan yanki, kuma ganinsa ya yi wuya ƙwarai. Baba yana kiransa Ɗan Badun.

Baba ya ce yana ganinsa a wata gonar goro da ke bayan Akinyele. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

Dakta, shugabar gurup ɗinmu, Bayarabiya ce mai kirki, amma ba ta wasa da ƙa'ida. Ta ce akwai ɗan uwansa mai kama da shi, shi ma jan kai gare shi, sai dai ƙirjinsa baƙi ne, kuma shi kowa ke gani. Ta ce, "Baba, no picture, no record. Sai mun ga ƙirjin."

Ina Baba zai samo hoto? Tsufa ya zo masa da karkarwar hannu, ko kofin shayi da hannu biyu yake riƙewa. Mun bi shi gonar sau uku, mu goma sha da madubai da surutu, ko gashinsa ba mu gani ba.

Daga nan aka mayar da shi abin tsokana. In ya doso sai ka ji an ce, "Ga Baba Na-gan-shi nan." A majalisar masu shayi ta Sabo ma maganar ta kai. Mutumin da ya yi furfura ba a taɓa kama shi da ƙarya ba, a kan tsuntsu aka fara yi masa kallon maƙaryaci.

Kuma ni ne na fi kowa laifi. Ina faɗa a nan kowa ya karanta.

Wata Asabar, gaban mutane, na ce, "Haba Baba, kai da ka ƙware? Ka shafa danƙo a reshe ka kamo mana shi mu gani mana, abi?" Aka fashe da dariya. Shi bai yi ba. Ya ce, "Da zan kama shi, gobe kafin hantsi yana hannuna. Amma na yi rantsuwa, ɗana. Gara ku ce na yi ƙarya."

Daga baya Iya ta gaya mini abin da ban sani ba. A makon nan Baba ya je ya sayo danƙo. Kwana uku ƙullin yana kan taga, yana shiga yana fita yana kallonsa, abinci ma ba ya ci sosai. Rana ta huɗu ya ɗauka ya jefa a kwata.

Washegari ya zo shagona. Bai zauna ba.

Ya ce, "Kyamarar nan taka, dole sai mutum na riƙe da ita take ɗauka?"

Na ce a'a, akwai rimot, daga nesa ake dannawa.

Ya ce, "Ashe tana da igiya, irin ta tarko. Oya, ɗauko hularka."

Abin da ya yi ban taɓa gani a wajen wani mai hoto ba. Mu bin tsuntsu muke yi, muna ɗaga kai muna tuntuɓe. Baba ya ce mai tarko ba ya bin tsuntsu, inda zai sauka yake nema. Ya riga ya gano wurin: wani busasshen ganyen kwakwa da ya karye yake reto, nan Ɗan Badun ke zuwa tsintar ƙwari da safe, musamman in an kwana da ruwa.

Bai bar ni na kafa kyamara ba. Gwangwanin madara ya samo, ya shafe shi da baƙin fenti, ya sa na hau itacen goron da ke fuskantar ganyen na ɗaure shi da robar tayar keke. Ya ce haka ake yi wa tarko, a ajiye shi ba a ɗana ba sai tsuntsu ya raina shi. Mako guda gwangwanin nan yana sama.

Ran nan muka je bayan sallar Asuba, na kwance gwangwani na ɗaura kyamarata a madadinsa. Ita kaɗai gare ni, ga biki ina da shi ranar Asabar, ga hadari yana haɗuwa. Ina ɗaurewa ina karanto duk addu'ar da na iya. Na saita ta a kan ganyen, muka rufe ta da rassa, muka koma can gindin koko muka zauna.

Awa biyu. Cinnaku suka yi walima a ƙafata.

Sai ga shi.

Jama'a, na gan shi da idona. Kafin ya gama sauka na danna rimot, tsabar rawar jiki. Kyamara ta yi ƙara, ya yi fir ya tashi. Da muka sauko da ita muka duba, jela ce kawai, baƙa, irin ta kowane tsuntsu.

Na so ƙasa ta tsage in shige. Baba ya kalli hoton ya ce, "To, mun samu jela. Saura tsuntsun."

Kwana biyar bai dawo ba. Muna zuwa, muna zama, muna komawa. Mai gonar, wani tsohon Bayarabe, ya daina tambayarmu, sai dai ya ajiye mana ayaba a kan kututture ya wuce.

Rana ta shida Baba ya miƙo hannu ya ce, "Ba ni igiyar."

Na kalli hannun yana rawa. Ya ce, "Hannun ne ya tsufa. Babban yatsan nan bai manta aikinsa ba."

Tsuntsun ya zo ya sauka, ya ba mu baya. Na raɗa masa, "Baba, danna!" Ya take mini ƙafa. Tsuntsun ya tsinci ƙwaro, ya matsa gefe, ya leƙa cikin ganye. Can wani tsuntsu ya yi kuka daga ɓangaren goron, Ɗan Badun ya ɗago ya juyo gaba ɗaya.

Sau ɗaya Baba ya danna.

Na hau na sauko da kyamara. Ga kai ja, ga wuya ja, ga ƙirji ja wur ya cika hoton, har ƙwaron da ke bakinsa ana gani. Shekara goma sha ina ɗaukar hoto ban taɓa yin mai kyansa ba.

Baba ya daɗe yana kallo. Sai ya fuskanci gabas ya yi sujada a kan ganyen koko. Da ya ɗago gemunsa duk ƙasa, ya ce, "Ka ga na kama shi, kuma ga shi can yana cin abincinsa."

Na tura hoton a gurup ko kalma ban rubuta ba. Wayata ta kusa ƙonewa. Dakta ta aika wa waɗanda suka fi ta sani, suka tabbatar shi ne.

Kwana biyu bayan nan motarta ta tsaya a Sabo. Ta fito, gaban masu shayi da masu goro da duk waɗanda suka yi dariya, ta durƙusa gwiwa biyu a ƙofar shagon gero. Ta ce, "E ma binu, Baba. Kada ka yi fushi. Kai ne da gaskiya." Baba ya rasa inda zai sa kansa, sai cewa yake, "Tashi, 'yata, tashi, za ki ɓata zane." Iya Hajara kuwa daga cikin gida ta rangaɗa guɗa.

A ƙasan hoton sunansa aka rubuta, ba nawa ba. Haladu, Sabo. Duk wanda ya shigo auna gero sai ya nuna masa, ko bai tambaya ba.

Ganina na ƙarshe da shi Juma'ar da ta wuce ne, bayan masallaci. Na same shi a shago yana watsa wa tsuntsaye tsaba a bakin ƙofa. Na daɗe ina son in roƙe shi gafara a kan maganar danƙon nan, ranar na samu bakin yi. Ya yi dariya ya ce, "Ba don bakinka ba da ban yi zuciya na zama mai hoto ba. Ni dai na yafe, ya wuce."

Sai ya kama hannuna, dariyar ta ɗauke.

Ya ce, "Nasiru, tun da hoton nan ya fita mutum uku suka zo tambayata gonar. Biyu masu kallo ne. Na ukun na san idonsa, irin nawa ne na da. Gaskiyata ta fito, alhamdu lillahi. Kada ta zama ajalin tsuntsun. Ka yi mini alkawari."

Na yi masa.

Don haka masu turo mini saƙo tun watan jiya kuna tambayar wurin, ku yi haƙuri. Akinyele da faɗi take. Mutum biyu ne a Sabo suka san ainihin inda yake sauka, yau za mu binne ɗaya, ɗayan kuma bakinsa ya rufu.

Ya Allah, bawanka Haladu ya zaɓi a kira shi maƙaryaci a kan ya karya rantsuwar da ya yi da Littafinka, kuma Ka wanke shi tun a duniya. Ka wanke shi a lahira. Ka yafe masa abin da ya wuce, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa. Ka ba Iya Hajara da 'ya'yansa haƙurin rashinsa.

Duk wanda ya karanta, don Allah kada ya wuce bai yi masa addu'a ba, ko Ƙulhuwallahu ƙafa uku ce. Mu da muka yi masa dariya kuwa, mu ninka.