Rigar da Ba Ta da Ƙofa

Kawuna mai fenti ne. Shekara goma sha biyar ya yi yana rubuta allunan shaguna: na aski, na gyaran waya, na katifa. Ba wanda ya taɓa kiransa mai zane sai bayan abin da ya faru a shagon ɗinkin mamata, wadda ita ce yayarsa.

Ta ce ya zana mata mace a jikin bango don masu wucewa su san ana ɗinkin mata. Kwana uku ya yi a kan tsani. Ya zana wata doguwa cikin shuɗiyar riga, wuyan a karkace, ƙugun a tsuke, ƙasan da tattara hawa uku.

Ba a yi mako ba wata ma'aikaciyar asibiti ta shigo da yadinta, ta nuna bangon. "Irin waccan nake so."

Mama ta fita da tef a wuya, ta daɗe tana kallon zanen, sannan ta kira shi a waya ya zo.

"Auta, ta ina matar nan ta shiga rigar?"

"Ta ina kamar yaya, Yaya?"

"Babu zif, babu maɓalli, ƙugun ko kaina ba zai wuce ba. A ciki aka haife ta?"

Muka yi ta dariya. Shi bai yi ba, ya dai tsaya yana sosa ƙeya. Mama ta ɗinka wa matar rigarta da zif a gefe, magana ta wuce. Amma a wajen Kawu ba ta wuce ba.

Washegari ya jawo kujera kusa da keken ɗinki. Me ya sa ake yanka wannan a karkace? Me ya sa siliki ke zubowa kamar ruwa, wancan kuma ya tsaya ƙiƙam? Duk rigar da aka gama sai ya juya ta baibai ya bi ɗinkin da yatsa. Da Mama ta gaji ta miƙa masa almakashi. "Ungo, tambayi wannan."

Wata takwas ya yi a haka, sannan ya sayi ƙyallen zane ya fara zana tufafi zalla, babu fuskoki. A titi ma kallon kayan mutane yake. Wani magidanci ya taɓa tare shi: "Malam, lafiya kake kallon iyalina?" Kawu ya ce, "Yi haƙuri, kafaɗar rigar nake kallo. Wa ya ɗinka?" Ƙarshe har mutumin ya kwatanta masa shagon telan.

Wata mai gidan baje kolin zane ce ta kawo wa Mama siket a rage masa tsawo, ta ga zanukan jingine bayan teburin guga. Ta manta da siket ɗin. Guda goma sha biyu ta rataye a zaurenta, tara suka tafi a makon farko.

Yanzu yana da ɗakin aiki a saman bene, masu tsara tufafi na kawo masa sababbin ɗinkuna ya zana. Ran da na kai masa ziyara, ko gaisuwa ba mu gama ba ya kama hannun kwat ɗina yana juyawa.

"'Yata, bar mini wannan zuwa jibi."

Da tsohuwar rigar aikinsa na koma gida, duk fenti, mutane na kallona a mota.