Kawu Audu Mai Awon Haƙori

Kun dai san Kawu Audu ba ya amsa gaisuwa sai ya leƙa bakin mutum. Ka ce "Ina kwana?" ya ce "Buɗe in gani!" Shi ya sa har yau wasu a unguwar Dogo Tebo ke cewa taɓin hankali gare shi. Wallahi maganar nan tana ƙona min rai! Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa wajen gyaran na'urorin asibiti, wai shi ne mahaukaci?

Ya yi ritaya ba da daɗewa da ba mu Jihar Yobe ba, sai ya haɗa 'yar na'ura cikin akwatin tsohuwar rediyo: batir, waya biyu, da allura mai motsi. A cewarsa, lafiyayyen haƙori ko ƙashi taurin kai gare shi, da ƙyar lantarki ke ratsa shi. Ruɓaɓɓe kuwa, salin-alin yake ba da hanya.

Ni 'yar ƙanwarsa ce, amma ban tsira ba. Ranar sunan ɗana, gida cike da mata, ya ɗora min waya ɗaya a leɓe, ɗaya a haƙori.

"Hauwa, wannan ya ruɓe."

"Haba Kawu! Ko ciwo ba ya yi!"

"Ai munafuki ne."

Wata biyu ina fushi da shi. A na uku aka cire haƙorin a asibiti. Ya zo dubiya, kumatuna a kumbure, ko sannu babu.

"Ina haƙorin? Kar ki ce min kin bar musu!"

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne lamarin Alhaji Bukar dillalin shanu. Ya karye a ƙafa, maɗori ya kwance ɗori ya ce ya warke. Kawu ya taka keke har gidansa a unguwar Bolewa, ya auna ƙafafun biyu.

"Ba su zo ɗaya ba. Ƙara sati uku a gida."

"Audu, ni ba rediyo ba ne!"

Alhaji ya tafi kasuwa abinsa, saniya ta fizge shi, ƙafa ta sake karyewa. Sai gari ya ɗauka wai na'urar Kawu ce ta tsotse masa ɓargo! Ku ji rashin kunya! Kawu kuwa ya ci gaba da zuwa dubiya. Kullum sai ya kai wa Alhaji farfesun ƙafar saniya, ya jira ya cinye, ya kwashe ƙasusuwan ya auna a gabansa.

"Ka gani, Alhaji? Ƙashin saniya ya fi naka hankali."

Nasa haƙoran kuwa, da goro ya cinye saura uku, bai taɓa yarda an auna ba. Da an ɗauko waya sai ya ce, "Batir ya yi sanyi."

Allah Ya jiƙan Kawu Audu, Ya haskaka kabarinsa. Waɗanda suka zage shi ma Allah Ya yafe musu, don na san shi tuni ya yafe.