Matuƙin da Ba Shi da Fuska

A shagon Tomie Kurebayashi da ke birnin Shizuoka a Japan, inda take sayar da ƙananan jiragen roba na haɗawa, akwai teburin da masu saye ke zama su yi fenti. Yau wani tsoho ne a kai, baƙon da ba ta san sunansa ba. Kwat ɗinsa ta sha guga amma ta yi masa yawa, ga tabarau biyu a hancinsa, ɗaya kan ɗaya.

Jirgin da ke gabansa, samfurin jirgin yaƙin duniya, ya haɗu tsaf, kore shar, da jan da'ira a kowane fiffike. Matuƙin ne ya rage, ɗan mutum-mutumin da kansa bai kai ƙwayar shinkafa ba. Tsohon yana riƙe numfashi, yana kai bakin burushi kan fuskar, fenti yana malalewa. Ya goge. Karo na shida ke nan.

Tomie tana zaton tsohon makaniki ne da tsufa ya ci hannunsa. Ta ajiye masa shayi.

"Baba, kawo in sa masa idanun mana."

"Ina, 'yata, ai ba ki san shi ba. Mahaifina ne." Ya ajiye burushin. "Ni ma ɗin ban san shi ba. Ina cikin mahaifiyata ya tashi da irin jirgin nan, bai dawo ba. Hotonsa ya ƙone tare da gidanmu."

Ya zaunar da matuƙin a cikin jirgin, ya kifa murfin gilashin kujerar a kansa, fuskar ba ido ba baki, ya danne da yatsa har gam ya kama.

"Ajiye shi a tagarki. Gidan tsofaffin da za a kai ni gobe, sun ce kada in zo da tarkace."