Aljihu a Dama

Gwaggo yayar babanmu ce, kuma tela ce. A ɗakinta na tashi, ina tsintar ƙyallaye a ƙarƙashin keken ɗinki ina yi wa 'yar tsana riga. A gidanmu idan gardama ta tashi kan wa ya girmi wa, ko a wane ɗaki aka haifi wane, ni ake kira, don an ce ba na mantuwa. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da ya same ta, kafin kowa ya riƙa ba da shi yadda ya ga dama.

A da Gwaggo ba ta kallon fim. Idan ta tarar da mu mun yi tagumi a gaban talabijin, sai ta ce, "Mutum da hankalinsa ya zauna a yi masa ƙarya, har ya yi kuka a kai. Ku tashi ku kwashe shanya."

Ɗa ɗaya gare ta. Bahago muke ce masa, saboda komai da hagu yake yi, har miƙa hannun gaisuwa sai an harare shi. Gyaran janareta ne sana'arsa. Da aiki ya yi ƙasa, wani ya ba shi labarin wani gari da ake neman masu gyara, ya ɗauki jakar kayan aikinsa ya shiga mota. Ya kira daga hanya ya ce cajinsa ya kusa ƙarewa. Daga nan layinsa bai ƙara shiga ba. Babanmu ya je garin da hotonsa, ya bi gareji-gareji, ya bi asibitoci. Ba wanda ya ce ya gan shi, ba kuma wanda ya ce ya mutu. Shekaru suka wuce a haka.

Wata rana matar mai shagon bakin layi ta zo karɓar ɗinki. Tana gwada hannun riga ta ce, "Af, Gwaggo, kwanaki na ga mai kama da Bahago a fim. Yana wucewa ta bayan 'yan wasan, a tasha."

Ƙafar Gwaggo ta tsaya a kan keke. "Wane fim?"

"Wallahi sunan ya ɓace mini. Wanda dai yarinyar take kuka a tasha."

Na ce, "Wane fim ne ba a kuka a tasha?"

Matar ta yi dariya. Gwaggo ba ta yi ba. Kafin la'asar ta sa an ɗauko talabijin ɗinmu an ɗora a kan teburin yanka, ta ja ni muka tafi wurin mai tura fim.

Shagonsa ɗan lungu ne tsakanin mai aski da mai cajin waya, kwamfuta ɗaya da benci ɗaya. Ya ce, "Mama, na soyayya ko na barkwanci?"

"Mai tasha."

"Sunansa ke nan?"

"Duk wanda akwai tasha a ciki. Ko kasuwa. Ko bakin titi. In dai mutane suna wucewa."

Ya dube ni, na ba shi labarin a gajarce. Bai ƙara tambaya ba, ya cika mana filas, ɗan abin nan da ake zuba fim a ciki a soka a talabijin. Daga baya da suka saba yakan tsokane ta, "Mama, ke kaɗai ce kwastomar da ba ta taɓa tambayata wa ya fito ba."

Kallon Gwaggo ba irin na kowa ba ne. Tana kashe sauti, don ta ce surutunsu yana ɗauke mata hankali. Idan 'yan wasa suka cika allo sai ta yi tsaki, ta ce su gusa. Bayansu take kallo, masu turin baro, masu jiran mota, wanda ya leƙo daga shago ya koma. Aikina shi ne riƙe rimot. "Tsaya. Koma baya. Wancan mai jaka." In koma, ta matso har numfashinta ya taɓa gilashin, sannan ta ce, "Wuce. Da dama ya riƙe ta."

Matan layi suka fara taruwa a ɗakin. Su labarin suke so, don haka idan Gwaggo ta tashi salla sai su roƙe ni in ƙara murya. Akwai wata matar direba da ba ta fashi. Da zarar an fara ban tausayi sai ta ja mayafi ta rufe fuska, kafaɗunta suna rawa, ko da wurin bai kai a yi kuka ba. Na taɓa tambayarta, ta ce, "A gida in na yi, sai an ce me aka yi mini. Nan kuwa kowa ya san fim ne." Wata kuma samfurin ɗinki take zuwa gani, ta ce a tsayar mata a kan wuyan rigar amarya. Gwaggo ko kallon wuyan ba ta yi.

Ɗinki ya fara taruwa a kwando. Ta yanka wa wata riga, hannu ɗaya ya fi ɗaya, abin da bai taɓa faruwa ba. Masu kawo aiki suka janye ɗaya bayan ɗaya, wasu ko kayansu ba su zo karɓa da kansu ba, aike suka yi. Idanunta suka koma ja, suna ruwa. Babanmu ya shigo ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Yaya, wannan abin zai makantar da ke."

Ba ta juyo ba. "Kai ka je ka duba ka dawo. Ni ma bar ni in duba nawa."

Ranar da muka same shi, ana ruwa, mu biyu ne kawai a ɗakin. Yarinyar fim tana tsaye jikin mota tana share hawaye. Ta bayanta wani dogo ya ratso, jaka a hannun hagu, ya ɗan waigo ya kalli masu ɗauka, ya yi murmushin nan nasa na gefen baki, ya fice. Ban jira an ce in tsaya ba. Gwaggo ta ɗora tafinta a kan allon.

"Wannan fim ɗin yaushe ya fito?"

"Bana. Sabo ne."

"To bana yana da rai." Ta miƙe. "Bana yana tafiya da ƙafarsa. Kin ga har ya yi ƙiba? Ɗauko mini mayafi."

A cikin ruwan muka tafi wurin mai tura fim, don ya gaya mana inda tashar take. Ya sa a kwamfuta, ya tsayar, ya yi ta sosa ƙeya.

"Mama, zan faɗi wata magana, kar ki ji haushina. Fitowa daban, ɗauka daban. Wani fim ɗin sai a ɗauke shi a ajiye, ya yi shekaru kafin a sake shi. Wannan jarumar ma ai ta daɗe da daina fitowa."

"Kai dai ba ka son alheri. Ƙaro mini girmansa in ga ɗana."

Ya ƙara. Hoton ya ɗan dushe, amma rigar ta fito, ruwan toka, mai gajeren hannu. Gwaggo ta nuna ƙirjin da yatsa.

"Ka ga aljihun nan? Duk telan duniya a hagu yake sa aljihun gaba. Ni kaɗai na sa a dama, don hannunsa ya riƙa kaiwa ba wahala. Ɗinkina ne. Yanzu ka ce ba shi ba ne."

"Ban ce ba shi ba ne, Mama."

Tana cikin murmushi na ga murmushin ya tsaya. Ni ma a lokacin na tuna inda rigar take.

Da muka iso gida ta shiga ɗakin Bahago, ta jawo akwati daga ƙarƙashin gado. Rigar tana can ƙasa a ninke. Kafaɗarta ta yage kafin tafiyarsa, ya bar mata ta gyara, ya ce in ya dawo zai karɓa. Ta shimfiɗa ta a cinya, ta sa hannu a aljihun, ta fitar, ta sake sawa.

"Ke 'yar nan," ta ce, ba ta ɗago ba. "Ke da ba kya mantuwa. Ba guda biyu na ɗinka masa ba?"

Na tuna yadin. Ragowar wani aiki ne, da ƙyar ya isa, har sai da ta yi haɗi a cikin wuya. Ina zaune a gefenta ranar, ni na riƙe mata bakin yadin tana yanka.

"Yi tunani da kyau. Wataƙila ɗayar ya tafi da ita."

Na so in ce ban tuna ba. Amma da na ce haka, gobe za ta sayar da keke ta shiga mota neman tashar.

"Ɗaya ce, Gwaggo."

Ta gyaɗa kai. Ta ninke rigar a kan tsohon ninkinta, ta mayar, ta tura akwatin da ƙafa. Na zaci shi ke nan, za ta ce a mayar da talabijin ɗakinmu.

Da safe ta miƙo mini filas. "Ki ce masa waɗanda aka ɗauka bana nake so. Ba waɗanda suka fito bana ba. Ki faɗa masa da kyau, kar ya haɗa."

Na je na faɗa masa kamar yadda ta ce. Ya riƙe filas ɗin yana juya shi a hannu.

"Ƙanwata, ni ta ina zan sani? Ba a rubutawa."

"To in ce mata me?"

Sai ya soka shi a kwamfuta ya fara turawa.