Gwaggo Mai Wanke Kayan Duba Ido

Gwaggo, yayar babanmu, ta yi shekara ashirin da uku tana aiki a ɗakin duba ido na wani asibiti. Ba likita ba ce, ba nas ba ce. Aikin shara aka ɗauke ta bayan rasuwar mijinta, aka ba ta bokiti da tsumma da takalmin roba da ya fi ƙafarta girma. Wani tsohon likita mai ɗingishi ne ya lura da yadda take bin ƙafafun benci da tsumma har ƙasa, ya ce a bar masa ita a ɗakin aikinsa.

Shi ya koya mata aikin. Akwai na'ura mai fitila wadda mutum ke ɗora haɓarsa a kai, ya jingina goshi, likita ya leƙa cikin idonsa. Akwai kuma wani ɗan abu kamar murfin biro da ake taɓa ƙwayar ido da shi don a auna ƙarfin ruwan cikinta. Duk wanda aka duba ya tashi, sai Gwaggo ta goge wurin haɓa da na goshi da auduga da sifirit, ta cire ɗan murfin nan ta jiƙa shi a ruwan bilici minti biyar, ta ɗauraye, ta ɗora a kan farin ƙyalle ya bushe. Guda huɗu ne a lokacin, ana aiki da ɗaya, sauran na jiƙa ko suna shan iska.

In mara lafiya ya yi gaggawar zama, sai ta tare shi da hannu ta ce, “Tsaya tukuna.” Babba ne ko yaro, mai babbar mota ne ko mai keke, duk ɗaya. Da haka sunan ya bi ta, har masu gadin ƙofa Tsaya-Tukuna suke ce mata. A gida Baba kan tsokane ta, “Yaya, in shigo in gaishe ki, ko in tsaya tukuna?” Ita kuma ta ce, “Kai da tun kana yaro sai an yi kokawa kake wanke hannu? Ai kai awa guda ya kamata a jiƙa ka.”

Bilici ya cinye mata hannu. Fatar yatsunta ta tsattsage ta yi fari, har injin da ma'aikata ke dangwala yatsa da safe bai taɓa gane ta ba, kullum sai an rubuta ta da biro. Ba ta damu ba. Abin alfaharinta shi ne a duk shekarun da ta yi da tsohon likita, ba a taɓa cewa wani ya kwashi ciwo a ɗakinsu ba.

Sai tsohon ya yi ritaya. A shekarar aka rufe wani ƙaramin asibitin ido da ke kusa, mutanensa duk suka dawo wajensu. Layi ya fita daga baranda ya kai gindin tankin ruwa. Murafun nan huɗu kuwa, ɗaya ya ɓata, biyu sun tsage, saura guda. Gwaggo ta kai ƙara wajen shugabar nas-nas, wadda suke kira Metiron, ya fi sau goma. Kullum amsar ɗaya ce: an rubuta, ana jira.

Sabuwar likitar ba muguwa ba ce. A tsaye take cin abincin rana, wani lokaci ma ba ta ci. Wata rana ta dubi agogo, ta dubi kofin bilici, ta ce, “Mama, mutum ɗari da goma ne a waje. In na jira ki minti biyar a kan kowa, wasu sai sun kwana uku suna zuwa. Akwai wanda kafin ya dawo idon ya tafi.”

“Likita, sifirit kaɗai ba ya kashe ƙwayar cutar jan ido. Haka aka koya mini.”

“Na sani, Mama. Wallahi na sani. To ya zan yi?”

Washegari Metiron ta kira Gwaggo ofis ta ce daga yau ta riƙa gogewa da sifirit kawai, a wuce wurin. Akwai takarda a bayan ƙofa da ake sa hannu kullum in za a tashi, cewa an jiƙa kayan yadda doka ta ce. Gwaggo ta tambaya, “Takardar fa?” Metiron ta ce, “Ki ci gaba da sawa. In ba za ki iya ba, akwai masu neman aikin.”

Ta ci gaba da sawa. Wata biyu tana sawa, in ta dawo gida ba ta iya cin abincin kirki.

Wata ranar Litinin aka duba wani direba da idonsa ke ruwa. Kafin mako biyu mutane suka fara dawowa, ido ja wur, ya kumbura, kwantsa ta manne shi, suna cewa kamar an zuba musu yashi. Sun fi talatin. Wasu sun kai wa 'ya'yansu a gida. Likitar ma ta kamu. Aka rufe ɗakin. Yawancinsu sun warke, amma akwai wani tela da ya zo neman tabarau kawai, shi ciwon ya bar masa hakiya a ido biyu.

Aka kafa kwamiti, maza uku a bayan dogon tebur. Suka shimfiɗa takardun bayan ƙofa a gabanta.

“Wannan sa hannunki ne?”

“Nawa ne.”

“Kin jiƙa kayan a waɗannan ranakun?”

“Ban jiƙa ba.”

“To me ya sa kika sa hannu?”

Ta juya ta dubi Metiron. Metiron na kallon fanka. Gwaggo ta ce, “An ce in sa.” Suka tambaya ko akwai a rubuce. Babu. Ranar Juma'a aka ba ta takardar kora. Likitar ta tare ta a baranda da baƙin tabarau a fuska, ta riƙe mata hannu tana cewa, “Mama, ki yafe mini,” amma a gaban kwamiti ba ta ce uffan ba. Daga baya aka yi wa likitar canjin wurin aiki.

Baba ya yi ta faɗa, ya ce a je kotu. Gwaggo ta ce, “In je in ce me? Hannun nawa ne, ba na wani ba.”

Bayan wata uku ta ce in raka ta wajen telan. Muka same shi zaune a bakin shagonsa, keken ɗinkin a rufe da zane, wata rigar mata da bai ƙarasa ba tana rataye ba hannu ɗaya. Tana yin sallama ya ɗaga kai.

“Wannan murya, ba ta asibiti ba ce?”

“Ni ce, Malam. Na zo ne in ce maka ni na—”

“Na ji labari. Zauna, Mama.” Ya lallubo mata kujera. Sannan ya ce, “Shekarun baya na kawo mahaifiyata, kin tsayar da mu har na ji haushinki. Ranar da na zo don kaina kuwa, na ce yau an yi sauri, har na gode wa Allah.” Ya yi ɗan murmushi. “Ramin allura kawai nake so in gani. Yanzu allurar ma sai na lalluba.”

Bai zage ta ba, bai kuma ce ya yafe ba. A hanyar dawowa, sai ta tsaya a bakin titi ta yi amai.

Ta nemi aiki a asibitoci biyu masu zaman kansu. Duka biyun labarin ya riga ta isa. Ta saki ɗakin da take haya ta dawo gidanmu, aka gyara mata ɗakin baya da muke ajiye kaya.

Bara wata nas da suka yi aiki tare ta zo gaishe ta. A cikin hira ta ce bayan an kori Gwaggo an sayo sababbin murafu goma. Takwas suna kulle a kabad ɗin Metiron don kada su ɓata. Layin ya ƙara tsawo, wadda aka ɗauka a gurbinta tana sa hannu kullum. Gwaggo ta saurara har ƙarshe, sannan ta tambaye ta lafiyar yaranta.

Yanzu idon Gwaggo na hagu ya fara dushewa. Tana karo da gefen ƙofa, tana zuba shayi a kan tire maimakon kofi. Baba ya roƙe ta har ya gaji, ya ce ba sai can ba, ko ina take so zai kai ta a duba. Jiya da safe ma ya sake yi mata maganar, yana tsugune a bakin ƙofarta da makullin mota a hannu.

Ta ce, “Ka tafi aikinka, za ka makara. Na dama yana nan, ya ishe ni ganin hanyar banɗaki.”

Ya daɗe a tsugune. Daga baya ya miƙe ya fita, ni kuma na shiga na kwashe tiren.