Gwangwani Ɗaya Tal

Kawuna mai rubuta allon shaguna ne, gari-gari yake bi. Da can, ranar tafiya sai ya cika tsakar ɗaki da gwangwanayen fenti: ja, shuɗi, kore. Kowanne sai ya shimfiɗa masa leda kafin ya danne murfi, burushi kuma cikin tsohuwar safa yake cusawa.

Yanzu injin buga hoto ya cinye sana'ar, ga ciwon baya ya sa shi gaba. Jiya na tarar yana ɗaure jaka da gwangwani ɗaya tal.

Na ce, "Kawu, ina sauran kalolin?"

Ya yi tsaki, ya dafe ƙugu. "Fari ya isa, ɗana. Yanzu kirana suke in shafe abin da na rubuta."