Takalman Baba a Jikin Rumbu

Ranar wata kasuwar Bungudu ce, cikin kaka, a shekarun alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai. Ina zaune gindin rumbu ina ɓarar gyaɗa sai ga ƙarar mota, abin da ba mu saba ji ba a ƙauyenmu. Bature ne daga Gusau da 'yan sanda riƙe da bindigogi. Kafin azahar sun fito da hakiminmu ba rawani, sun jefa shi bayan lori kamar buhun auduga.

Wannan hakimi ya gasa mana aya a hannu. Dokarsa ita ce duk mai wucewa ta ƙofar gidansa sai ya tuɓe takalmi ya durƙusa, ko da ba kowa a zauren sai akuya. Babanmu ya taɓa wucewa bai tuɓe ba, aka yi masa bulala, aka ƙwace fadamarmu ta shinkafa. Tanko, babban bafaden hakimi, shi ya riƙe bulalar. Tun ranar Baba ya rataye takalmansa a jikin rumbu, ya rantse ba zai sake sa su ba sai an sauke azzalumin. Ni nake shafa musu man shanu don kada fatar ta tsage.

Kai, ranar da aka tafi da hakimi na ga rashin kunya! Matan da suke kai wa hakimi fura da rangaɗa guɗa, su ne suka yi wa lorin guɗa. Makaɗin da ke wasa shi kullum ya juya waƙar ta koma zambo, ko gangar bai sake ba. Ƙattin da ko tari ba sa iya yi a ƙofar gidan suka dinga sintiri da takalmi, kowa na cewa shi ya kai ƙara. Tanko kuwa shi ne kan gaba wajen jifa, yana ihu, "Allah ya isa!" Wani ya kama hakimi, wani kuma ya zo yana bugun ƙirji.

Baba bai jefi kowa ba. Cewa kawai ya yi, "Ɗiyata, ɗauko mani takalman nan." Ya sa, muka taka har fadama, ya tsaya yana duba inda zai gyara kunya kafin damina. Ban taɓa ganinsa da fara'a irin ta ranar ba.

Ba a jima ba Baturen ya dawo da sabon hakimi. Tanko ne. Mutanen nan dai, masu guɗa da masu jifa, suka zube a ƙasa, takalma a hannu, makaɗi ya koma wasa. Fadamarmu kuma aka ce ai ta gidan sarauta ce.

Yanzu na tsufa a Tsafe, ina jin rediyo na cewa sojojin waje sun kayar da wani shugaba, jama'a na rawa a titi. Jikokina su yi ta murna, ni kuwa sai in taɓe baki. Abin da nake tunawa shi ne yammacin da Baba ya miƙo mini takalman ya ce in mayar jikin rumbu, kuma kada in ƙara ɓata man shanu.